RA'AYINMU: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar Korona ta fita daga matsayin annobar da ke bukatar matakin gaggawa a duniya baki ɗaya. Tun kafin wannan rana ma jama'a sun riga sun ajiye takunkumi, kasuwanni sun cika, manyan motoci sun ci gaba da sauke shanu da tumatir da albasa a Ikko da Badun da Anacha kamar ba a taɓa yin kome ba. Mun gode wa Allah da ya kawo mana sauƙi. Amma akwai wata magana da annobar nan ta bari, wadda ya kamata a zauna a warware ta tun da sauran natsuwa. Maganar kuwa ita ce, idan wata annoba ta sake faɗowa, wane bincike ne likitoci da masanan ƙasan nan za su fara sa wa hannu game da lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara? Wa zai zaɓa, kuma da wane ma'auni?

Watakila wani zai ce wannan ai zancen malaman jami'a ne, ina ruwan mai sayar da goro a Agege ko ɗan dako a kasuwar Mile 12? To, da ruwansa. Kuɗin bincike kaɗan ne, masu yin sa ma ba su da yawa, saboda haka duk matsalar da aka sa a gaba ita za ta sami magani, wadda aka bari a baya kuwa sai ta yi ta cin mutane ba wanda ya ƙidaya su. Matan da ke zaune a zangunanmu da unguwannin Sabo na kurmi suna cikin waɗanda a kan manta da su a lokacin lafiya, balle kuma lokacin da kowa ke ta kansa.

Bari mu tuna yadda abin ya faru. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Ikko ran 27 ga Fabrairu na 2020. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta sa dokar kulle a Ikko da Ogun da Abuja. Da aka sassauta ran 4 ga Mayu sai aka sa dokar hana fita daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa farkon watan Yuli. Doka ba ta hana mai naƙuda zuwa asibiti ba, gaskiya ne. Amma ina motar da za ta ɗauke ta da tsakar dare, bayan tun farkon Fabrairun wannan shekara an hana acaba da keke mai ƙafa uku aiki a wasu sassan Ikko? Shinge nawa za a tsaya a yi bayani kafin a isa? Mata da yawa sun daina zuwa awon ciki don tsoron kada su kwaso cutar a asibiti. Ma'aikatan jinya kuma wasu an mai da su wuraren killace masu Korona, wasu sun kwanta da kansu. Yarinyar da bisa al'ada za ta tafi gida goyon ciki wajen mahaifiyarta a Katsina ko Sakkwato, hanya ta rufe mata, ta haihu a ɗakin haya ba tsohuwa ko ɗaya kusa da ita.

Yanzu a dubi lissafi. Mutanen da hukuma ta rubuta cewa Korona ta kashe a Nijeriya tun farko har ƙarshe sun ɗan haura 3,000, ko da ya ke kowa ya san gwajin da aka yi bai taka kara ya karya ba, don haka adadin gaskiya ya fi haka. A cikin shekarar 2020 kaɗai, bisa ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata wajen 82,000 suka rasu a ƙasan nan ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan irin wannan mutuwa a duniya. Ƙiyasin shekarar 2023 kuwa ya ce wajen 75,000 ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar, kuma kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a ke yi a asibiti. Abubuwan da ke kashe matan nan ba baƙi ba ne: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin jego. Na yara kuma zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ciwon haƙarƙari, da haihuwar bakwaini, ga tamowa tana taimaka musu duka. Annoba ba ta kori ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ta yi shi ne ta raba majiyyaci da mai magani.

Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san abin da ya faru a Saliyo. Lokacin annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, cutar ta kashe mutane kusan 4,000 a wannan ƙasa. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa a cikin shekara guda ta annobar an sami ƙarin mutuwa wajen 3,600 na mata masu haihuwa da jarirai da 'ya'yan da aka haifa ba rai, saboda kawai an daina zuwa asibiti. Har wa yau, a watan Mayu na 2020 masana na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi gargaɗi cewa idan aikin asibitoci ya tsaya ƙwarai a ƙasashe 118 masu ƙaramin ƙarfi, cikin wata shida a na iya rasa ƙarin yara fiye da miliyan ɗaya da mata fiye da 56,000. Hasashe ne na mafi munin hali, amma ya nuna inda haɗarin ya ke. An kuwa gani a wajen rigakafi. A watan Maris na 2020 an dakatar da zagayen allurar shan inna gida gida a ƙasashe masu yawa. A 2020 yara miliyan 23 a duniya ba su sami cikakkiyar allurar rigakafi ta yau da kullum ba, a 2021 suka kai miliyan 25, Nijeriya kuwa tana sahun gaba da yara fiye da miliyan biyu waɗanda ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba. Ba mu ce Korona ce kaɗai sanadi ba, domin giɓin ya daɗe. Amma da cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ta fi kowa jin jiki, aka kuma sami masu ita har a Ikko, yawancin waɗanda ta kama yaran da ba su da cikakken rigakafi ne.

Kuskure na biyu a wajen masu binciken kansu ya ke. Sa'ad da a ke gwada alluran rigakafin Korona a 2020, an ware mata masu juna biyu, ba a sa su ciki ba. Dalilin yana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar da wani magani mai suna talidomaid ga masu laulayin ciki a Turai da wasu wurare, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa a hannu da ƙafa. Tun daga nan kamfanoni su ke gudun mai ciki. Sakamakon haka, da allurar farko ta sauka a Abuja ran 2 ga Maris na 2021, kusan guda miliyan huɗu, likita ba shi da cikakkiyar hujjar da zai amsa wa mai ciki in ta tambaye shi ko ta karɓa. A watan da ya biyo baya aka buga sakamakon wani bincike da Jami'ar Oxford ta Ingila ta jagoranta a ƙasashe 18, har da Nijeriya da Gana, a kan mata masu ciki 2,130, wanda ya nuna cewa mai cikin da ta kamu da Korona ta fi sauran shiga haɗarin hawan jini na ciki da haihuwa kafin lokaci da mutuwa. Ashe waɗanda aka ware don a kare su suna cikin waɗanda suka fi bukatar kariya. Irin wannan ya taɓa faruwa a Kwango, inda aka fara allurar Ebola a 2018 ba tare da masu ciki ba, sai a 2019 aka yarda a ba su, alhali cutar kusan kullum tana kashe abin da ke cikin.

Haka kuma a wasu ƙasashe an yi ta raba uwa da jaririnta in an zarge ta da Korona, ko da ya ke Hukumar Lafiya ta Duniya tun da wuri ta ce a bar su tare, a ci gaba da ba da mama. Wani lissafi da aka buga a watan Maris na 2021 ya nuna cewa rungumar bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, zai iya ceton jarirai har 125,000, alhali waɗanda cutar za ta iya kashewa ta wannan hanya ba su kai 2,000 ba. Da an sa wannan tambaya a gaba tun ranar farko, da an huta da ɓarna mai yawa.

Don kada a ce mun iya kushe kawai, ga misalin abin da zaɓe mai kyau ke haifarwa. Daga 2021 zuwa 2023, annoba ba ta gama wucewa ba, aka gudanar da wani gwaji mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Jami'ar Birmingham ce ta shirya shi, a nan gida kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ita ta jagoranta. Dabarar ba ta da tsada. A kan shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni wadda ke tara jinin da ya zuba, don unguwarzoma ta daina ƙiyasi da ido. In jinin ya kai iyaka, sai a yi duk matakan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya: a murza mara, a yi allurar da ke tsuke mahaifa, a ba da maganin tsai da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta karɓi tsarin a ƙarshen 2023. Wannan ya isa shaida cewa muna da mutanen da za su yi aikin, in an nuna musu inda ya dace aka kuma ba su abin aiki.

To, yaya a ke zaɓen? Akwai hanya sananniya da masana lafiyar yara suka ƙago wajen shekarar 2007, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha amfani da ita. A kan nemi mutane masu yawa kowa ya kawo tambayoyin da ya ga ya kamata a bincika. Sa'an nan kowa ya ba kowace tambaya maki shi kaɗai, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, don kada babban farfesa ko mai ba da kuɗi ya rinjayi taro. Ma'aunan su ne: ko a na iya samun amsar tambayar ta hanyar da ta dace da mutunci, ko amsar za ta haifar da abin da zai yi aiki, ko a na iya kai abin ga jama'a da kuɗin da a ke da shi, ko rayuka nawa zai ceta, da kuma ko talaka zai amfana ko kuwa mai hali ne kaɗai. Hanyar tana da kyau, sai dai ƙarfinta ya dogara ne ga waɗanda aka gayyata. In likitocin manyan asibitocin koyarwa ne kaɗai da baƙi daga Turai suka ba da maki, jerin zai fito da kamanninsu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Dole a sa unguwarzoma ta karkara, da ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa, da matan da suka haihu cikin kulle.

Mu dai a ra'ayinmu, ga abubuwan da ya kamata su zo a saman jerin ƙasan nan.

Na farko, yadda za a ci gaba da awon ciki da karɓar haihuwa da allurar yara a lokacin da aka rufe gari. A gwada tun yanzu a gani: wace irin takardar shaida ce jami'in da ke kan shinge zai gani ya buɗe hanya nan take, wace yarjejeniya za a yi da ƙungiyoyin direbobi don ɗaukar mai naƙuda da dare, wane ɓangare na awo ne za a iya yi ta wayar hannu, wane ne kuma tilas sai an ga mace ido da ido.

Na biyu, ƙidaya. Mafi yawan matan da ke mutuwa a gida ba a rubuta su a ko'ina. Mu Musulmi mu kan yi jana'iza cikin sa'o'i kaɗan, shi ke nan magana ta ƙare. A binciko hanyar da limamai da masu kula da maƙabarta da masu unguwa za su riƙa ba da rahoton mutuwar mai ciki ko jariri cikin mako, ba tare da an taɓa mutuncin mamaci ba. Hukumar da ba ta san an mutu ba, ba za ta san dokarta ta yi ɓarna ba.

Na uku, a shirya ƙa'idar sa mata masu ciki da masu shayarwa cikin gwajin magani da rigakafi tun kafin annoba ta zo, kwamitin ƙasa mai kula da ladubban binciken lafiya ya duba ta ya amince, a ajiye. Ba sai mun jira baƙuwar cuta ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana tashi kowace shekara da rani a Edo da Ondo da Bauchi da wasu jihohi, kuma in ya kama mace a watanni uku na ƙarshen ciki, fiye da kashi 80 cikin ɗari a kan rasa ɗan ko uwar ko dukansu.

Na huɗu, jarirai, musamman bakwaini: yadda za a bar uwa da ɗanta tare cikin aminci a asibitin da ɗaki ɗaya ya ke da shi, da yadda za a tabbatar da iskar numfashi da wutar lantarki a ƙananan asibitoci.

Na biyar, wanda ya fi shafarmu, shi ne halin mazauna wata jiha ba tasu ba. Matar da ta fara awo a Idi-Araba ta je ta haihu a Funtuwa ta dawo da jariri bayan arba'in, katinta ya rabu biyu, kowace jiha tana zaton ɗayar ce ke lura da ita. A kan buga alkaluman jihohin kudu a ce sun fi na arewa kyau, haka ne kuwa, amma wannan matsakaicin lissafi yana iya ɓoye halin da zango ke ciki. Yara nawa ne a Sabon Badun da Sabon Shagamu da Obalende da unguwannin Hausawa na Fatakwal suka kammala rigakafi? Mata nawa ne ke fasa zuwa asibiti don ba mai jin harshensu, ko don ba mace da za ta duba su, su ƙare a wajen mai kemis? Waɗannan tambayoyi ne masu sauƙin amsawa, masu arha, kuma amsarsu za ta ceci rai.

Mun san akwai tsoro a zukatan jama'armu game da kalmar gwaji, kuma tsoron yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye da gwamnati suka ce ba a nemi izini yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, abin da ya jawo shanyewar yara masu yawa, har sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar. Darasin da ke ciki shi ne binciken da aka yi cikin gaggawa da ruɗani, ba shiri, shi ke ba da ƙofar cuta. Maganinsa a tsara kome da rana tsaka, a yi wa mace bayani da harshen da ta ke ji, ta san tana da ikon ta ce a'a ba tare da an hana ta magani ba, sa'an nan a dawo a faɗa wa unguwa abin da aka gano.

Saura maganar kuɗi. A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kasafin Gwamnatin Tarayya kuwa bai taɓa kaiwa nan ba. A Bamako a 2008 ministoci suka amince a keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ma'aikatun lafiya domin bincike. Muddin baƙo ne ke biyan kuɗin, shi zai zaɓi tambaya, ba kuwa za a ga laifinsa ba. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, da Cibiyar Binciken Lafiya da ke Yaba, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, su haɗu su fito da wannan jeri, su buga shi kowa ya gani da Turanci da manyan harsunan ƙasa, su riƙa sabunta shi. Muna kuma kira ga wakilan jam'iyyarmu a Majalisar Dattijai da ta Wakilai da majalisun jihohi su nemi a sa masa layi na kansa a cikin kasafi, su bi sawu su ga an saki kuɗin. Wannan ba maganar hamayya ba ce, domin naƙuda ba ta tambayar katin jam'iyya.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su san ƙaramin asibitin da ke kusa da su, su san shugabansa, su nemi kujera a kwamitin lafiya na mazaɓa. Kowace unguwa ta san motar da za a tasa da dare da wanda ke riƙe da makullinta. Maigida ya bar izini a gida tun kafin ya fita, don kada a zauna jiran dawowarsa jini yana zuba. Wadda za ta tafi goyon ciki ta tafi da katin awonta, ta dawo da katin rigakafin ɗanta. In kuma ma'aikatan ƙidayar lafiya sun zo da shaidar hukuma, a bincika a tabbatar, sa'an nan a buɗe musu ƙofa, domin wanda ba a ƙidaya ba, ba a yin kasafi da shi.

A watan Mayu na 2025 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya ta shirin tarar annoba mai zuwa. Masana ba su yi saɓani a kan cewa za ta zo ba, ranar ce kawai Allah ya bar wa kansa sani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci, amin.